Teku da Ƙanƙara a Jarrabawar Ɗan Mafara

A ƙarshen damina na sauka Talata Mafara, na tarar da ɗan ƙanwata zaune a zaure da tarin takardu a gabansa. Ya gama karatun tsara birane, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana shirin jarrabawar ƙwarewa, da fatan sunansa ya shiga rajistar TOPREC, hukumar da dokar soja mai lamba 3 ta 1988 ta ɗora wa alhakin tantance wanda ya isa a kira shi mai tsara gari a Najeriya. Babin da ya ɗaure masa kai shi ne na siffofin ƙasa: waɗanda teku ke sassaƙawa a gaɓarsa, da waɗanda ƙanƙara ke bari idan ta narke. Ya jera sunayen a bayan wata tsohuwar kalanda, yana bi yana maimaitawa kamar mai tilawa. Fiyod. Moren. Eska. Lagun. Tombolo.

"Kawu," ya ce, "ni da ban taɓa ganin teku ba, ƙanƙara kuwa sai ta cikin firji da wadda kan zubo da ruwan farkon damina, me zan yi da waɗannan? In na haddace na zuba musu a takarda, ai shi ke nan."

Ban ga laifinsa ba. Daga Mafara zuwa gaɓar teku mafi kusa ya haura kilomita 700 a miƙe, littattafan da aka tsamo kalmomin daga ciki kuma yawancinsu an rubuta su ne a Ingila da Amurka, don yaran da ke wasa a bakin teku ranar hutu. Amma "shi ke nan" ɗin nan nasa ya hana ni sakat. Nan da 'yan shekaru, in Allah ya yarda, sa hannunsa ne zai tabbatar da inda za a yanka filaye, inda za a kafa makaranta, da inda za a bar wa ruwa hanya. Wanda ya ɗauki wannan darasi a matsayin hadda ta kwana biyu, ranar da aka shimfiɗa masa taswirar sabuwar unguwa layukan tituna kaɗai zai gani.

Da daddare aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe na ce ya ajiye kalandar ya biyo ni. Ba mu yi nisa ba muka tsaya bakin wani kwalbati a bayan gari, inda ruwan unguwa ke faɗawa kududdufi. Ruwan ya wuce, ya bar aikinsa a fili. Dab da bakin kwalbatin tsakuwa ce da ɓaraguzan bulo. Taku biyu gaba, yashi mai kaushi. Gaba da shi rairayi mai laushi, da 'yan layuka a kansa kamar an taje shi. Can cikin kududdufin kuwa ruwan ya yi jawur da lakar da sai ta kwana biyu kafin ta kwanta. Tarin ya buɗe kamar mafici, ragowar ruwan na tsiyaya a kansa ta 'yan hanyoyi huɗu ko biyar. Na ce ya tsuguna ya ɗebo daga kowane wuri ya murza a hannunsa. Ya murza, ya ɗago ya dube ni.

"Kawu, ai wannan dalta ce."

Dalta ce kuwa, ƙarama, wadda akuya za ta tsallake, amma dokar da ta gina ta ita ce ta gina Neja-Dalta. Ruwa mai gudu ɗan dako ne. Gwargwadon gudunsa gwargwadon kayan da zai ɗauka, da zarar ya sassauta sai ya fara saukewa, mai nauyi da farko, mara nauyi daga baya. Babin nan gaba ɗayansa sunaye ne na aiki uku: cin ƙasa, ɗaukarta, da sauke ta a wani wuri. Ma'aikacin ne ke sauyawa, nan gulbi, can igiyar teku, wani wuri iska, wani wuri ƙanƙara. Shawarar da na ba shi, wadda nake ba duk mai wannan shiri, ita ce kafin ya haddace kowace kalma ya tambayi kansa: wa ya yi wannan siffa, ci ya yi ko ajiya, kuma me zan tarar in na haƙa rami a wurin? Mai karatun labarin ƙasa zai iya tsayawa nan. Mai tsara gari sai ya ƙara ta huɗu: in aka ɗora gida a kai, me zai same shi nan da shekara talatin?

Mu ɗauki gaɓar teku. Igiyar ruwa ba kasafai take dukan gaɓa gaba da gaba ba, a karkace take zuwa, bisa ga inda iska ta koro ta. Sai ta hau da yashi a karkace, in za ta koma kuma ta gangara a miƙe, kowane zuwa da komawa yashin ya matsa gefe kaɗan. Ka lissafa igiya dubu nawa ke zuwa a yini, za ka gane cewa bakin teku shi kansa gulbin yashi ne mai tafiya a hankali. A gaɓar Afirka ta Yamma tafiyar daga yamma take zuwa gabas. Inda gaɓar ta lanƙwasa, ko bakin wani kogi ya katse ta, yashin kan zarce ya zura cikin ruwa kamar harshe, wannan harshen yashi shi littafi ke kira sifit. In ya yi tsawo har ya rufe bakin wani lungun teku ya zama shinge, ruwan da ya maƙale a bayansa shi ne lagun. In ya je ya haɗe wani tsibiri da gaɓa, shi ne tombolo, kalmar da aka aro daga Italiyanci. Duk waɗannan ajiya ce: yashi ne sako-sako, ruwan ƙasa na kurkusa, kuma wanda ya ajiye yana iya dawowa ya kwashe kayansa. Inda gaɓar ta dutse ce kuwa, ci ake yi. Igiya ta ƙwaƙule gindin dutsen ta yi kogo, kogon ya ɓulle ta ɗaya gefen ya zama ƙofa, rufin ƙofar ya rufta ya bar ginshiƙi tsaye shi kaɗai a cikin ruwa. Wanda ya riƙe labarin a jere ba zai manta sunayen ba.

Legas, inda 'yan'uwanmu ke neman abinci daga Agege zuwa Obalende, a kan irin wannan shinge da lagun take zaune. Sunanta ma daga kalmar Turawan Fotugal mai nufin tafkuna ya samo asali. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Buƙatarsu ta biya. Sai dai yashin da ke tahowa daga yamma ya tarar da katanga ya tsaya, gaɓar wancan gefen ta yi ta faɗi, ta gabas kuma, wato Bar Beach, aka yanke mata abinci. Igiya ba ta daina zuwa ba, kuma ba ta komawa hannu rabbana; da ba ta samu sabon yashi ba sai ta shiga cin wanda ta tarar. Cikin ƙarni guda fiye da kilomita ɗaya na gaɓar ya tafi, har teku ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello. An daɗe ana juye yashi ruwa na kwashewa, kafin a zo ga katangar Eko Atlantic mai tsawon kimanin kilomita 8. Injiniyoyin 1908 sun san aikinsu na tashar jirgi, abin da zai faru gabas da su ne bai shiga lissafinsu ba.

Irin wannan lissafi mai giɓi mun gan shi a gida. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ƙasar duwatsu har yankin Maradun. Daga nan ƙasa ke sauyawa, tsohon dutsen ya nutse ƙarƙashin yashi da laka, gulbin ya samu sarari ya shimfiɗa fadamarsa ta Mafara da Bakura. A wannan yanki aka gina madatsar Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978: bango mai tsawon kilomita 5 da rabi, tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Tun ranar da tafkin ya cika ƙasar Zamfara ta samu gaɓa. Duk wanda ya tsaya bakinsa da yamma iska na kaɗawa zai ga igiyoyi na dukan gefe, zai ga 'yar matakalar da suka yanka a jikin ƙasa, in ruwa ya janye da rani kuma ya ga irinta a jere, kowace na shaidar inda ruwa ya taɓa tsayawa. Can saman tafkin, inda gulbi ke shigowa ya rasa gudunsa, dalta ce ke ginuwa shekara bayan shekara tana cin gurbin da aka tanadar wa ruwa. Ruwan da ke fita ta ƙofofin dam kuwa ya riga ya sauke kayansa a baya, da yunwa yake fitowa irin ta igiyar Bar Beach. Haka aka gani a Gana: bayan an tare kogin Volta a Akosombo a 1965, yashin da ke isa teku ya ragu, teku ya ƙara matsa wa garin Keta.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin Bakalori shi ne yadda aka raina kalma guda, fadama. A bakin manomi, fadama ƙasa ce da gulbi ke ziyarta duk shekara ya bar mata laka da danshi. Da wannan ziyara ake noman shinkafa da damina, a bi ta da albasa da sauran kayan lambu da rani, a kama kifi a tafkunan da ruwa ya bari. Ambaliyar da ake gudu a cikin gari, a fadama ita ce taki, ita ce ban-ruwa. Rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a bi aikin a sannu, kada a birkita tsarin noman da aka tarar. Aka zaɓi babban aiki cikin gaggawa. Dubban mutanen da tafkin ya cinye gonakinsu a ƙasar Maradun aka mayar da su kan tudu, alhali duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san hekta ɗaya ta fadama da hekta ɗaya ta faƙo a takarda kaɗai suke daidai. Rigimar diyya, da ta gonakin da aka karɓa don shimfiɗa hanyoyin ruwa, ta kai manoma ga tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu da rahama. A farkon shekarun 1980 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin, ya tarar ambaliya ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya faɗi.

Ba ina cewa dam ɗin bai yi amfani ba. Shinkafar da ake lodi a Mafara shaida ce, kuma gyaran hanyoyin ruwan da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya dawo wa gonaki da dama da rai. Ƙorafina shi ne an auna ruwan da za a tare, an bar mutanen da ke jiransa a ƙasa babu awo.

Ga shi kuwa ilimin na nan a bakin mutane. Manomin Bakura ba zai haɗa jigawa da dabaro ba. Jigawa rairayi ce mai shanye ruwa nan take, dabaro kuwa ƙasa ce mai danƙo, ta kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta tsaga bangon duk wanda ya yi gini a kanta ba tare da ya nutsa harsashi ba. Ya san faƙo, inda ruwa ke zamewa ba ya shiga. Ya san marmara, ya san kwari, ya san kwazazzabo da yadda yake cin ƙasa da baya-da-baya har ya iso bayan gida. Ya san a kowace kwanar gulbi akwai gaɓar da ruwa ke ci, ta waje, da wadda yake tara wa yashi, ta ciki, kuma wata rana gulbin kan yanke wuyan kwanar ya miƙe, ya bar tafki mai siffar jinjirin wata. Sunayen garuruwanmu ma taswira ce ga mai saurare: Tsibiri a ƙasar Maradun, Birnin Tudu a Bakura, Ruwan Gizo a Mafara.

Da na gaya wa ɗan ƙanwata cewa teku ya taɓa zuwa ƙasar Sakkwato, shiru ya yi yana dubana. A lissafin masana duwatsu, tsakanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce wani reshen teku mara zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan yankin Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa. Shaidar na nan a jere ƙarƙashin ƙafar matafiyi. In ka bar Mafara ka nufi Sakkwato, da farko kana kan yashi da tsakuwar tsofaffin koguna, shimfiɗar da masana suka raɗa wa sunan Gundumi. Gaba da ita sai shimfiɗun da aka sa wa sunayen Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange da Kalambaina, waɗanda a cikin wasunsu ake samun ƙasusuwan kifaye da na kadoji da bawon halittun ruwan gishiri. A cikin shimfiɗar Dukamaje, a yankin Goronyo, aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, masana daga Italiya suka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina tarin bawon halittun wannan teku ne, wato duk ginin da aka ɗora da simintin Sakkwato da ƙasan teku aka ɗora shi. Amfanin sanin wannan ga mai tsara gari a fili yake. Rijiyar burtsatse a kan yashin Gundumi da wadda za a haƙa a kan tsohon dutse na wajen Maru da Gusau lissafinsu daban ne. A kan dutse sai an dace da tsaga ko inda ya rududduge, in ba haka ba a kashe kuɗi a tashi ba ruwa.

Saura ƙanƙara, wadda ita ta fi yi masa nisa. A wuraren da dusar ƙanƙarar da ke zuba da hunturu ta fi wadda ke narkewa da bazara, ragowar na taruwa shekara kan shekara, ta sama ta danne ta ƙasa ta daskare, har tarin ya fara malala a hankali kamar ƙullu mai kauri. Shi ne kogin ƙanƙara. Tafiyarsa ta hawainiya ce, amma nauyinsa ya isa ya ɓamɓare dutse, ya riƙe ɓaraguzan a cikinsa yana gurzar ƙasa da su kamar magagari. Gulbi na yanka kwari mai tsini a ƙasa kamar saran gatari, ƙanƙara kuwa fafe shi take ya yi faɗi da zurfi kamar cikin komi. In teku ya shigo ya cika irin wannan kwari bayan ƙanƙarar ta narke, shi ne fiyod. Mafi girma a Norwe, Sognefjord, ya haura kilomita 200 a tsawo, zurfinsa ya wuce mita 1,300. Wajen sauke kaya bambancin ya fi fitowa, nan ne na ce ya tuna da kwalbatinmu. Ruwa tankaɗe yake yi, ya ware tsakuwa daban, yashi daban, laka daban. Ƙanƙara juyewa take kamar tifa, ƙaton dutse da garin laka a cakuɗe, kuma tudun da ta bari ta haka a gefenta ko a inda ta tsaya shi ne moren. Eska doguwar kunya ce mai lanƙwashe-lanƙwashe, kayanta a tankaɗe suke, don ƙorama ce ta ajiye su tana gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar. Shi ya sa a Finlan da Suwidin ake bin bayanta da hanya, ana kuma samun ruwan sha mai kyau a cikinta.

Su ma can rashin karanta ƙasa kisa yake yi. A Norwe akwai wata laka da ta kwanta a ƙasan teku lokacin da nauyin ƙanƙara ya danne ƙasar. Da ƙanƙarar ta narke ƙasa ta ɗago, lakar ta zama tudu, ruwan sama ya yi dubban shekaru yana wanke gishirin da ke riƙe da ita. A ido ƙasa ce mai ƙwari, amma in aka taɓa ta ba daidai ba sai ta narke kamar koko. Da asubahin 30 ga Disamba 2020 irin wannan laka ta zame da gidaje a garin Ask na gundumar Gjerdrum, mutum 10 suka rasu.

Mu kuma ƙanƙara ta taɓa mu sau biyu. Na farko ya daɗe ƙwarai: kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, lokacin da wannan ɓangare na Afirka yake wajen ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta lulluɓe inda Sahara take, har yau ana ganin ƙarzunan da ta bari a kan duwatsun Tassili a Aljeriya da na Jado a arewa maso gabashin Nijar. Na biyu ya fi kusa, a kansa ma muke noma. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka har teku ya sauka da kusan mita 120, nan wajenmu fari ne mai tsanani ya sauka. Hamada ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta jera tuddan rairayi a ƙasar Hausa, da damina ta dawo ciyawa ta kama su suka tsaya. Su ne jigayin da masanin nan A. T. Grove ya bayyana a 1958 a matsayin tsohuwar hamadar rairayi ta ƙasar Hausa, irinsu ne kuma suka ba jihar Jigawa sunanta. Wanda ya san asalin jigawa ba zai yi mamaki ba in aka aske mata itace da ciyawa, aka sako mata ruwan rufin kwano ɗari babu magudana, cikin 'yan damina kaɗan ta buɗe kwazazzabo.

Bayan farin sai ruwa ya yi yawa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, igiyoyinsa suka tara doguwar kunyar yashi a gaɓarsa ta kudu maso yamma. Tana nan har gobe, ana kiranta tudun Bama, ta bi ta Maiduguri da Bama ta shiga Kamaru. Ga siffar gaɓa sak irin ta littafi a tsakiyar Arewa. Kogin Ngadda na ratsa wannan kunya a Maiduguri kafin ya bazu a fadamar Jere, birnin kuma ya faɗaɗa ya sauka cikin kwarin kogin. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwan ya bi inda ƙasa ta nuna masa, ya shiga Fori da Gwange, ya shiga babbar kasuwa da asibitin koyarwa.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne halin da garuruwanmu uku ke ciki yau. Rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka ya zube su a Mafara da Bakura da Maradun, kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Filin da talaka zai iya saya shi ne wanda mai hali ya ƙi: bakin ƙorama, cikin kwari, tsohon kududdufin da aka cike da shara. Dillali ya zo da igiya a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, ya auna ya kafa turaku, a biya. Ba wanda ya zo ya duba wurin a watan Agusta. Mun ga abin da ruwa ya yi a Gummi a daminar 2024, mun ga na Goronyo da Sakkwato a 2010. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ba hukumomi ikon hana gini inda bai dace ba, jihar Zamfara kuma tana da hukumarta ta tsara birane, amma doka ba za ta gane kwari ba sai jami'in da ke riƙe da ita ya gane shi.

A hanyarmu ta dawowa daga kwalbatin mun ratsa wani fili da aka kafa wa turaku, wasu ma har an jibge bulo a gefensu. Ƙafarmu na nutsewa, ciyawar wurin kuma irin mai son ruwa ce, kore shar. Wani dattijo na zaune gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaishe shi, ɗan ƙanwata ya ce, "Baba, da can mene ne a wurin nan?" Dattijon ya nuna da haɓa ya ce, "Ɗana, wanga wuri hwadama ta. Nan muka kamun tarwaɗa muna yara." Yaron ya buɗe taswirar wayarsa ya duba, fili kawai ta nuna masa. Ya ciro biro ya rubuta maganar dattijon a tafin hannunsa.

Ga ɗaliban da ke wannan shiri, ku haddace kalmomin, ku ci jarrabawarku, Allah ya ba da sa'a. Amma kowace kalma ku nemo mata 'yar'uwa a ƙasarku, ku je ku taka ta da ƙafa. Ga malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha da ke Mafara, da kwalejin aikin gona ta Bakura, ina roƙon in tsaro ya ba da dama ku riƙa kai ɗalibai bakin Bakalori da tafkin Natu sau biyu a shekara, a Afrilu da Agusta, ku kuma zauna da tsofaffin manoma da masunta ku rubuta sunayen ƙasa da na ruwa tun masu su na raye. TOPREC da ƙungiyar masu tsara birane ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1966, su ba fadama da jigawa da kwazazzabo nauyin da ya dace da su wajen tantance wanda zai yi aiki a Arewa. Kai kuma mai shirin sayen fili, riƙe kuɗinka har watan Agusta, ka je ka tsaya a wurin da safe bayan an kwana ana ruwa.